Ƙaryar da na yi miki kan ƙararrawar rumbu

Garwa, mako biyu bayan Babbar Sallah

Zuwa ga Yayata Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kina lafiya ke da maigida da yara, Allah ya ƙara muku lafiya a wannan ƙasar sanyi. Nan gida lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, ƙanwarmu Habiba kuma ta sauka lafiya, an samu mace.

Yaya, kwana uku ina juya wannan takarda saboda kunya. Kin tuna lokacin da kika miƙa mini rumbun bayanan ƙungiyar dillalan shanu, wanda muke haya a intanet, kika ce kafin komai in saita abin lura da girman kowane teburin bayanai da ke cikinsa: ya riƙa aunawa duk awa, ya buga mini ƙararrawa a waya in wuri ya kai kashi saba'in cikin ɗari. Da kika tambaya daga baya na ce an gama. Ƙarya na yi miki. Shafin kawai na buɗe, na ga rumbun ko rabi bai kai ba, na ce Yaya dai da tsoro, na rufe.

Kin san dillalanmu ba sa yarda da takardar wucewa sai an ɗauki kowane sa hoto huɗu: dama, hagu, ƙaho da shaidar wuta. Ni kuma da gwanintata cikin wani tebur na rumbun kansa nake cusa hotunan. Ana saura kwana huɗu layya shanu suka yi ta kwararowa daga Banyo da Tinyer, da hantsin Asabar rumbun ya cika, ya ƙi karɓar ko layi ɗaya. Kamiyo, wato manyan motocin kaya, goma sha ɗaya na tsaye a rana da lodi, an kasa fitar musu da takarda. Kafin la'asar, lokacin da na samu na ƙara wuri, bijimai biyu na wani dillalinmu, Alhaji Bobbo, sun faɗi, sai yankawa aka yi a bakin titi.

Da Pirizidan Abdelkerim, shugaban ƙungiyar, ya tsare ni a biro, wato ofis, gaban mutane, sai bakina ya riga ni. Na ce Léontine ce, ƙawarki ta makaranta da kika kawo aikin shigar da bayanai, wai in rezo, wato layin intanet, ya yi nauyi sai ta yi ta danna turawa har abu ɗaya ya shiga sau goma. Tana tsaye tana ji. A ranar aka sallame ta.

Bayan Sallah na zauna na saita abin yadda kika ce, bai ci mini minti arba'in ba. Da na duba baya, teburin hotuna kaɗai ya ninka sau tara cikin mako guda, kuma ko layi ɗaya Léontine ba ta maimaita ba. Na je na faɗa wa Pirizidan gaskiya. Ya wanke ni tas, na cancanta, sannan ya ce in je da ƙafata in dawo da ita.

Na same ta a gida tana ɗaure kaya, ta samu aiki a Figil. Ta ba ni kujera da ruwa, ta saurare ni har na gama. Ta ce ta yafe, amma ba za ta sake zama a biro ɗaya da ni ba. Ta ce tun ranar ta san inda matsalar take, don a gabanta kika yi mini gargaɗin. Da ta raka ni ƙofa ta ce, "Kullum muna waya da Mardiya, ban gaya mata ba. Kai za ka gaya mata."

To, ga shi na faɗa, Yaya. Ba na roƙonki ki ba Léontine haƙuri a madadina.

Ki gaida maigida Malam Walid, da Muhaimin da Halime. Inna da Hajje Salamatu suna gaishe ki.

Ƙaninki,
Zaharaddin