Tabulon Motar Baba

Boukoki, Yamai

Yaya Rahina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da maigida da yara. Ya Maraɗi, ya zafi? Na ba direban kar, motar fasinja, wannan takarda ne don in na kira ki a waya bakina kasawa yake.

Motar Baba ta dawo daga gyara. Kat-san-kat ɗin da ta yi shekaru a kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, yau bugu ɗaya take tashi. Idrisa makanisiye ya yi ƙoƙari. Tabulon ma, allon nan na gaban direba mai agoguna, an canza kamar yadda kika ce, ya samo wani daga Kwatano, ba tsaga ba loɓawa, agogunan duk suna aiki.

Na kamo hannun Baba na zaunar da shi a kujerar direba, ina ta washe baki kamar yana ganina. Ya riƙe bolan, wato sitiyari, ya saurari inji, har ya fara murmushi. Sai ya miƙa hannu ya shafa tabulon daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, "Abdoulkarim, wannan ba motata ba ce. Ka sayar da tawa ka kawo mini ta wani, don ka ga ba ni da ido."

Na rantse, Idrisa ya rantse, liman ya zo ya karanta masa lambar motar. Ya ce lamba ko yaro ya iya kwance ta. Kin san tun da idonsa ya tafi, zaman safe a cikin motar nan shi ne kawai fitarsa. Yanzu ɗaki yake wuni, in na gaishe shi ya amsa kamar ya amsa wa baƙo. Abin yana cina ƙwarai.

Ƙanenki,
Abdoulkarim

*

Maraɗi

Karimu,

Wa alaikumus salam, muna lafiya, yara suna gaida kawunsu. Na karanta takardarka a tsaye, na ƙarasa ta a zaune.

Da na so in yi maka faɗa, don kai tun kana ƙarami gaggawa ce sana'arka. Amma da wane baki? Ni ce na ga hoto na ce a cire wannan tsohon tabulo mai kama da kwanon da jaki ya taka, wai kada mutane su ce ƴaƴan Malam Salisu sun yi rabin aiki. Kunyar mutane na duba, ban duba hannun Baba ba. Garin neman ƙiba mun samo rama.

Wannan loɓawar ai shi ya yi ta. Duk shekarun da ya yi yana jigila tsakanin Yamai da Dogondoutchi, in motar ta hau tudu da kaya sai ya dinga bubbuga wurin da tafin hannu yana lallashinta, har ƙarfen ya bi hannunsa. Maza ka je wurin Idrisa ka karɓo tsohon a mayar. Kyau ya sha ruwa.

Ka gaishe mini da Baba, in zai amsa.

Yayarka,
Rahina

*

Boukoki

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa. Tsohon tabulo babu shi. Ranar da aka cire shi Idrisa ya tambaye ni yadda zai yi da shi, ni da bakina na ce ya kawar da shi. Ya ba maƙeran kasuwar Katako. Na bi su rumfa rumfa, wanda ya karɓa ya nuna mini jerin murhun gawayi ya ce in zaɓa, ɗaya daga cikinsu ne.

Baba ya rame. Jiya na ji yana gaya wa liman cewa motar ba ta dame shi ba kamar a ce ɗansa ne ya yi masa ƙarya.

Idrisa ya kawo shawara. Ya san mai bugun ƙarfe da zai iya loɓa sabon, ya tsaga shi, ya goge shi har ya tsufa, sai mu ce mun samo tsohon. Hoton da muke da shi bai nuna zurfi ba, ni kuma a baya nake zama kullum. Ke ce ƴar gaban mota. Ki faɗa mini daidai inda wurin yake.

Abdoulkarim

*

Maraɗi

Karimu,

Ina gaisuwa. Ka ji tsoron Allah. Yau Baba yana zarginka da abin da ba ka yi ba, kana da gaskiyarka ko bai yarda ba. In ka bi Idrisa, abin da ya faɗa a kanka ya tabbata, ka cuci makaho. Ban yarda ba, kuma kada ka sa sunana.

Na rufe takardar nan, sai maganar ramarsa ta hana ni sakat, na sake buɗewa. Loɓawar tana dama da bolan, tazarar taƙi ɗaya, zurfinta ya ɗauki tafin babban mutum. Tsagar ta taso daga bakin akwatin takardu ta yi sama, ƙarshenta yana da kaifi, ya taɓa yanka mini yatsa.

Allah ya yafe mana.

Rahina

*

Boukoki

Yaya,

Ina gaishe ki. An yi aikin, na zaunar da shi. Ya daɗe hannunsa na cikin loɓawar. Daga nan ya lalubo kaina ya dafa, yana hawaye. Ya ce, "Na zalunce ka, ɗana. Na kira ka maƙaryaci a gaban mutane. Ka yafe mini."

Na ce na yafe.

Yana cin abinci yanzu. Kullum da safe yana cikin mota, yana kirana in zo in zauna kusa da shi. Ni ne na kasa shiga.

Ki huta lafiya.

Abdoulkarim