Abin da na shimfiɗa a ƙarƙashin kafet ɗin motar Baba

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da duk wanda zai karanta. Don Allah a sakaya sunana, garinmu bai kai girman da mutum zai ɓuya a cikinsa ba. Ina roƙon ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga ku yi wa kaina, shawara kawai na zo nema.

Ni mai ɗinkin kujerun mota ne a Yauri, ina kuma shimfiɗa kafet da gyaran cikin mota. Mahaifina direba ne, tun kafin a haife ni yake jigila tsakanin Yauri da Warra da tsohuwar motarsa mai dogon baya, mutane a gaba, kwalayen banda da darurrukan ɗanyen kifi a baya. Baba bai yi boko ba, amma Allah ya ba shi kunne. A tasha direba zai ce masa, "Baba, zo ka ji mini wagga mota," ya shiga su zaga kaɗan, ya ce boris ɗin taya ne na baya, ko kuwa wani ƙarfe ne ya saki a gaba, a je wajen makaniki a tarar haka ɗin ne. Da wannan ake girmama shi, da shi kuma yake taƙama, don duk tsawon shekarun nan bai taɓa zubar da fasinja ba. Ni kuwa sana'ata bai taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Tela yake ce mini. Idan abokansa suka tambaye shi aikina sai ya yi dariya ya ce, "Shina ɗinka ma motoci riga." Wasa yake yi, na sani, amma ni abin yana ci mini rai.

Farkon daminar bana ya kawo mini motar shago. Ruwan kifi ya jiƙa tsohon kafet ɗin har ya ruɓe, ƙarni ya hana mutane sakat. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Ka hidda wanga ruɓaɓɓen abu, ka sa mata kafet na roba wanda ni ka iya wankewa. Shi ke nan. Kada ka cusa mata komi daga ƙasa, kana ji na? Ni da kunne nika tuƙi." Na ce, "Na ji, Baba." Wallahi na ji shi sarai, ba zan ce ban fahimta ba.

Da na yaye kafet ɗin na ga ƙarfen ƙasa tsirara, babu ko ƙyalle tsakaninsa da ƙafar mutum. Sai na tuna yadda yake dawowa gida da yamma yana dafe da kai, Inna tana ce masa ƙugin motar nan ne zai ƙarasa shi. Na kuma tuna motocin manya da nake yi wa aikin kashe ƙara, yadda mai mota yake rufe ƙofa ya ji ɗif, ya dube ni ya ce Allah ya yi albarka. Me zai hana ubana ya ji wannan daɗin? Haka na gaya wa kaina. Gaskiyar da ban faɗa wa kaina ba ita ce so nake ya shiga motar ya yi mamaki, ya san telan nan ya san wani abu. Na zauna na zaɓi kaya kamar mai haɗa lefe. Soso na ƙi shi, don shan ruwa yake yi, a motar kifi wata biyu ya isa ya fara wari. Na ɗauko shimfiɗar kwalta mai bayan gwangwani, irin wadda ake liƙe yoyon kwano da ita, na yanka na manna a duk faɗin ƙasa, na bi kan kumburin ƙarfen da ke saman tayoyi huɗu na ninka ta biyu, na danne da ƙotar guduma har ta kama. A kanta na shimfiɗa roba mai laushi wadda ruwa ba ya shiga, na cire bangon ƙofofi na manna a ciki, na sake robar bakin ƙofa. Sannan na kawo kafet ɗin da ya ce na rufe komai. Duk wanda ya leƙa, kafet kawai zai gani. A rayuwata ban taɓa yin aiki mai kyan wannan ba.

Ya zo ya ɗauki motarsa, na zauna ina jiran yabo. Kwana uku bayan nan na je gaishe su, na tarar da shi a ƙofar gida kan tabarma. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai, mi kay yi ma motag ga?" Muryarsa ba ta mai jin daɗi ba ce, irin wadda yake kiran sunana da ita ce tun ina yaro idan na yi ɓarna. Ni da nake da mata da 'ya'ya, sai na ji bakina ya ce, "Kafet ɗai na sa, Baba, kamar yadda kac ce." Ya ce, "Kafet ɗai?" Na ce, "Shi ɗai." Ya girgiza kai ya ce, "To." Me ya hana ni faɗin gaskiya a lokacin? Faɗa ne kawai zai yi mini, ya ce in je in ɓamɓare, wuni ɗaya an gama. Tsoron a ce mini tela ya yi shisshigi shi ya rufe mini baki.

Ku gane, ba wai motar ta daina ƙara gaba ɗaya ba ce. Inji ana jin sa, hayaniyar fasinjoji tana nan, shi ya sa babu wanda ya lura. Abin da ya mutu shi ne ƙananan sautukan da ke tasowa daga ƙasa, na taya da na ƙarafa, waɗanda shi kaɗai yake saurare. Ga damina, gilasai a rufe. Tunda ɗansa ya ce kafet kawai ya sa, kuma bai taɓa kama ni da ƙarya ba, sai ya ɗora laifin a kan kunnensa. Inna ce ta gaya mini wai ya sa tana ɗiga masa man zaitun a kunne, wai ya sayo maganin ɗigawa a kemis. Ta ce, "Ubanka na cewa tsuhwa ta kama shi, ba shi jin mota kamar da." Na ji wannan da kunnena, na tashi na koma shago. Na ce a raina zai saba, ai hutu na ba shi. Kullum sai in ce ranar Juma'a zan gaya masa, Juma'a ta zo ta wuce.

Wata ranar kasuwa da hantsi, yana dawowa daga Warra da lodi, boris ɗin tayar baya ya ci wuta, tayar ta fita, motar ta sauka hanya ta kwanta a rami. Allah ya tsare babu wanda ya rasu. Baba ya gurje a kafaɗa. Amma akwai wata dattijuwa mai sana'ar banda, Gwaggo muke ce mata, wadda ta fi shekara ashirin ba ta shiga motar kowa sai tasa, ita ta karye a cinya. Makanikin da ya duba ya ce boris ɗin ya yi kwanaki yana kuka kafin ya saki. Ya faɗa a gaban mutane, ba da mugun nufi ba, ya ce, "Baba, kai da ka ji ma wasu, ya aka yi taka ta wuce ka?" Baba ya sunkuyar da kai. Ina tsaye a gefensa.

Ni na kai shi gaida Gwaggo a gidanta, a bayan babur ɗina. Tana kwance an ɗaure ƙafar da karare. Dattijon nan ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta ya ce, "Ki yahe mini. Na san kunnena ya mutu tun hwarkon damina, na ɓoye, nic ci gaba da ɗaukar mutane. Alhakinki na wuyana." Ta ce, "Haba Malam, ƙaddara ta, tashi don Allah." Ya ƙi tashi, yana hawaye. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da aka binne ƙanena. Na juya na fita waje na tsaya wajen babur kamar mai duba mai. Wane irin ɗa ne zai ji ubansa yana neman gafarar laifin da ba nasa ba, ya fita ya bar shi a durƙushe?

Tun daga ranar bai sake taka tasha ba. Direbobi suna zuwa har gida su ce ya zo ya ji musu mota, ya ce su nemi mai kunne. Ya rame, ya rage magana, abinci sai Inna ta yi da gaske. Gwaggo ta tashi amma da sanda take tafiya, ta daina zuwa kasuwa, 'yarta ce ke kai mata kifin. Ni kuma ina shago ina ɗinki, hannuna yana aiki, zuciyata tana ƙuna. Ko matata ban gaya wa ba.

Sai na yi wata dabara da na ɗauka za ta fisshe ni ba tare da na buɗe baki ba. Na lallashe shi na kai shi asibiti a duba kunnen, ina tunanin idan likita ya ce lafiya lau, hankalinsa zai kwanta. Aka gwada shi, likita ya ce kunnensa ya fi na wasu samari. Na yi murna, na dube shi ina murmushi. A hanyar dawowa ya ce in tsaya, muka sauka a gindin wata bishiya. Ya ce, "In kunnena lahiya lau shike, to ke nan na ji motar tana kuka ban kula ba. Ko dai hankalina na yag gushe, ko ganganci niy yi da rayukan mutane. A da na ce jarrabawa ta daga Allah. Yanzu mi za ni ce mai ranar da munka haɗu?" Ashe ɗan abin da yake riƙe da shi na je na ƙwace. Daga ranar ko sallar jam'i a sahun baya yake tsayawa, ya idar ya fita kafin a gaisa.

Yanzu motar tana wajen mai walda, za a gyara ƙasanta da ya lotse a sayar. Mai waldar ya aiko mini cewa in je ranar Asabar in cire kafet ɗina kafin ya sa wuta. Dole in je, don kwaltar da na manna idan wuta ta taɓa ta kamawa za ta yi. Zan iya sammako ni kaɗai in kankare komai in zuba a buhu, babu wanda zai taɓa sani, Baba ya ci gaba da sa mini albarka yana cewa ni ne ɗan da ya tsaya masa. Zan kuma iya ɗauko shi a babur, in tsayar da shi a gaban motar, in ɗaga kafet ɗin ya gani da idonsa. Idan na yi haka zai san kunnensa bai ci amanarsa ba, hankalinsa ma ƙalau yake. Zai kuma san ɗansa ya dube shi ido cikin ido ya yi masa ƙarya, ya bar shi wata da watanni yana ɗiga mai a kunne, ya bar shi ya durƙusa yana neman gafara. Ina tsoron ya ɗaga mini hannu ya ce ba ni ba shi. Ina tsoron zuciyarsa ta kasa ɗauka. Ga Gwaggo, ita ma ai tana da haƙƙin ta san wanda ya karya mata ƙafa.

Jiya da na je gaida Baba, ya riƙe hannuna ya ce idan za a sayar da motar kada in bari mai saye ya san tasa ce, don kada a ƙi ta saboda shi. Na ce to. Yau Laraba, saura kwana uku. Don girman Allah ku gaya mini, me zan yi?