Frank na Bayan Masana'anta

Marlow Ferry, Pennsylvania
6 ga Oktoba, 1987

Zuwa ga ƙanwata Lorraine,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da Kenny. Sau bakwai na buga miki waya tun Lahadi, sau bakwai kina ajiyewa da jin muryata. Layi uku ne tsakanin gidana da naki, amma ga ni ina lasar kan sarki kamar mai rubuta wa ɗan'uwa a ƙasar waje.

To, ni ne. Ni ne "Frank na bayan masana'anta" da ya kira shirin ƙwallon Amurka na Butch Malley a rediyo. Kin san yadda ake yi, kowa a garin nan yana kira da sunan aro, har Fadan cocinmu an ce yana kira. Ban zaci za a gane ni ba, don sai da na ɗora hankici a bakin wayar.

Amma ki tsaya ki duba me na faɗa. Na ce mai jifan ƙungiyar makarantarmu, wato Kenny, yana daɗewa da ƙwallo a hannu, kuma yana zuba wa wanda zai jefa wa ido tun kafin ya jefa, har mai sayar da guguru ya san inda ƙwallon za ta. Na ce Koci Havrilla ya gwada yaron nan Joey Santangelo ko da rabin wasa ne. Sau uku Kenny ya miƙa wa 'yan Kettle Run ƙwallo a hannu ranar Asabar, Lorraine. Sau uku. Ni ban ƙirƙiro wannan ba, yana cikin jarida. Shekara goma sha ɗaya rabonmu da kofi, tun masana'antar ƙarfe tana hayaƙi.

Ba na barci sosai. Ki ɗauki waya mu yi magana kamar manya. Ki gaida Kenny, ki ce masa kawunsa na sonsa.

Yayanki,
Rudy

*

8 ga Oktoba

Zuwa ga Mista Frank,

Na samu wasiƙarka, muna nan yadda ka bar mu.

Hankici. Kai da kake gyaran murya sau biyu kafin ka ce uffan tun muna yara. Muna kicin, Kenny na zaune da ƙanƙara a kafaɗa, kana yin gyaran muryar nan ya ɗago ya ce, "Mama, ga Kawu a rediyo." Murna yake yi, Rudy. Ya ɗauka kare shi za ka yi.

Ka rubuta mini shafi guda a kan riƙe ƙwallo da zuba ido, ka tsallake abin da ya sa na daina ɗaukar wayarka. Ka gaya wa gari duka cewa kafaɗarsa ta dama na ciwo tun wasan farko. Koci bai sani ba. Ni kaina sai daga baya na sani. Kai kaɗai ya gaya wa, a garejinka, saboda kai ka koya masa jifa lokacin da ubansa ya tattara ya tafi. Litinin da safe Havrilla ya kira shi ofis.

Akwai wani mutum daga wata jami'a a Ohio da zai zo kallonsa ranar ashirin da huɗu ga wata. In ya ga abin da yake so, Kenny zai yi karatu kyauta. In bai gani ba, sai ɗaukar kaya a sito kamar sauran yaran layinmu, don albashin mai wanke zanuwa a gidan tsofaffi ba ya kai kowa jami'a. Ka san da zuwan mutumin nan. A teburina kake, bakinka cike da kabejina, aka karanta takardarsa.

Ka gaida Peg. Matarka ba ruwanta.

Lorraine

*

12 ga Oktoba

Ƙanwata,

Ina gaisuwa, ko da ba a amsa ba.

Maganar kafaɗa kuɓuce mini ta yi. Butch ya ce wai Kenny ba shi da zuciya, ni kuma na hasala, na ce ba zuciya ba ce, kafaɗa ce. Wallahi kare shi nake yi a lokacin. Sai da na ajiye waya na ga Peg tsaye da cokali a hannu tana kallona kamar na taka kyanwa.

Na je wurin Havrilla ranar Alhamis. Na same shi yana shafa wa fili fenti da kansa. Na ce, "Koci, ka manta da abin da wancan mahaukacin ya faɗa a rediyo." Ya ce, "Rudy, gara ka cire hankicin in za ka yi magana, ba na jin ka sosai." Haka ya yi mini. Sannan ya ce likita ya duba kafaɗar, ba abin tsoro, amma shi ba ya son ɗan wasan da ke ɓoye masa abu, kuma Santangelo ne zai fara wasa a madadinsa.

Kin ga wasan Asabar. Ba na son in ce komai. Amma mun ci ashirin da ɗaya da bakwai, Lorraine. Joey shekararsa goma sha shida, ƙafafunsa kamar sandar tsintsiya, amma ƙwallo ba ta kwana a hannunsa. Jifar nan ta zango na uku, yadi arba'in, ana kai masa hari ta hagu bai ko waiwaya ba. Na san bai kamata in rubuta miki wannan ba. Na so in goge, na ga takardar za ta yi baƙi.

A shagon aski kan mutane ya rabu. Leo mai aski da surukinsa suna cewa ba a sauke ɗan ajin ƙarshe a tsakiyar kakar wasa, ba mutunci. Sauran suna cewa mutunci ba ya cin maki. Ni kuwa an yi ta yi mini aski har ya wuce yadda nake so.

Ki faɗi abin da zan yi. Ko mene ne.

Yayanki da ya rasa inda zai sa kansa,
Rudy

*

14 ga Oktoba

Rudy,

Na gode da labarin ƙafafun ɗan Santangelo. Ina filin, na gani. Na kuma ga ɗana tsaye a gefe da hular kwano a hannu daga farko har ƙarshe, yana tafa wa wanda ya karɓe masa wuri. Da muka dawo gida ya wanke kayan wasansa da kansa, alhali ko ciyawa ba su taɓa ba.

Ka ce ko mene ne. To ga shi. Havrilla yana sauraren shirin nan, duk da yana cewa ba ya saurara, kuma yana tsoron bakin gari fiye da tsoron faɗuwa. Ranar Lahadi ka kira. Ba Frank ba, Rudy Pawlak, sunan da Baba ya raɗa maka. Ka ce ka yi kuskure, ka ce Kenny ne ya kamata ya fara wasan ranar ashirin da huɗu. Ba na neman ka yarda da abin da za ka faɗa. Ka faɗa kawai, ka ajiye waya.

Ban taɓa roƙonka komai ba, ko ranar da Ray, uban Kenny, ya tafi.

Ƙanwarka,
Lorraine

*

19 ga Oktoba

Lorraine,

Gaisuwa. Na san kin ji, amma ki bari in faɗi yadda abin ya kasance ta wajena.

Na kira da sunana. Na ce na yi kuskure, na ce Kenny ya ba garin nan shekara uku, ya cancanci ya fara. Duk na faɗa, na rubuta su ne ma a bayan ambulan don kada in kauce. Har na kai hannu zan ajiye sai Butch ya ce, "Tsaya, Rudy, ko in ce Frank. Saura minti ɗaya, ana gaba da mu da maki huɗu, yadi talatin ya rage. Tsakaninka da Allah, wa za ka ba ƙwallo?"

Peg ta ce shirun da na yi kafin in amsa ya yi tsawo. Ni a ganina bai kai daƙiƙa biyar ba. Na ce Kenny, kin ji na ce Kenny. Dariyar da Butch ya yi ba ni na sa shi ba.

Tun ina ɗan shekara shida Baba ke ɗaukata a wuya zuwa filin nan. Ban iya yi wa wasan nan ƙarya da sauri ba, sai na yi shiri. Wannan ba ya nufin ba na son yaron. Jiya sau uku na zagaya layinku da mota, na kasa tsayawa.

Na ji Havrilla ya ce zai sa Kenny in dama ta samu. Zan zo ranar Asabar, zan zauna can sama ta ɓangaren allon maki inda ba zan dame ku ba, kuma ba za ki ji bakina ba. Na yi alkawari.

Allah ya ba Kenny sa'a.

Yayanki,
Rudy

*

25 ga Oktoba

Yaya Rudy,

Muna lafiya.

Damar ba ta samu ba. Mutumin Ohio ya zauna layi biyu a gabana da ɗan littafinsa. Da aka tashi ya nemi mahaifin Joey Santangelo ya ba shi kati.

Lokacin da Joey ya yi jifar ƙarshe muka ci, kowa fili yake kallo, ni kuwa sama na kalla. Kana tsaye a kan benci, hannu biyu a sama, hularka ta faɗi ba ka ma sani ba. Rabon da in ga farin ciki irin wannan a fuskarka tun ranar aurenka.

Kenny ma ya gan ka. Ya ce in gaya maka kada ka damu, jifa ce mai kyau, shi ma da a sama yake da ya yi tsalle.

Saƙonsa ke nan, na isar. Ni ba ni da nawa.

Ka gaida Peg.

Lorraine