Gammon Babur

Argungu,
9 ga Fabrairu, 1985.

Zuwa ga mai gidana Abdussamadu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta iske ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Allah shi tsare ka da ruwan Fatakwal da ka ce ba shi ɗaukewa, shi ba ka sa'ar aiki, shi maido muna kai da ƙiba, don hoton da ka aiko ban ga komai ciki ba sai wuya da kunnuwa. Mu nan lafiya lau, shinkafar fadama ta shigo gida. Babban labari kuwa, gwaggonka Sadatu ta sauka lafiya can Gwadangaji ta bakin Birnin Kebbi, tagwaye, duka maza. Ka yi hankali, na samu sabbin angwaye biyu, kuma sun fi ka gashi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ka tuna ka bar ma yayanka Hammadu jan baburinka da sharaɗi: ranar da ya ƙarje fenti, a kulle shi zaure har ka dawo. To wanga babur shi ka kai ni Birnin Kebbi duk Asabar in ga jarirai. Motar haya ka san ta, sai rana ta raba kafin ta cika, kuma juwa take sa ni.

Asabar uku da sunka wuce na yi ma mai jego farfesun kifi cikin kwano. Hammadu ya ce a ɗaure shi baya. Na ce a'a, sai bisa tanki, inda idona ka ganin hannunshi, don na san shi da kifi tun yana rarrafe. Muna fita gari munka faɗa rami, kwano ya zame, gindinshi ya ja layi gefen tanki. Miya ba ta zube ba, alhamdu lillahi. Da munka duba da kyau kuma, sai munka ga gwiwoyin Hammadu sun daɗe suna dusashe fentin da wandon gona mai yashi. Yaro ya zauna bakin hanya kamar an yi mai rasuwa. Ya ce shi zai kulle babur, ya rubuta maka cewa laifinshi ne. Na ce mai, "Tashi, ba ka ɗaukar min laifina, ba ka kuma hana ni ganin jikokina."

Na yi tunani, shekara nawa ina ɗaukar tulu, kaina bai taɓa saɓulewa ba, saboda gammo. Sai na naɗe gammo biyu da tsohon zanena na ɗaura ma tanki dama da hagu. Kada ka so ka ji dariyar da anka yi muna a tasha. Wani mai shayi ya tambayi Hammadu ko babur ɗin wankan jego shikai. Kafin mu yi nisa ɗaya ya kwance, iska ya tafi da shi cikin gonar albasa.

Daga nan na tafi wurin Dankure baduku. Ya yanko tsohuwar robar taya faɗin tafin hannu biyu, ya lulluɓe ta da jar fatar akuya, ya sa auduga mai laushi ta ciki. Mai faci ya ce a manna da sholisho, na ce ko ɗigo ba shi taɓa fentin mijina. Maɗauri munka yi mai ta ƙarƙashin tanki, ana kwancewa a goge. Ni na ce Dankure ya yi ɗinki mai tudu-tudu a bisa don gwiwa ta samu abin kamawa. Hammadu ya ce yanzu ko cikin yashin hanyar Gulma ba shi zamewa. Malamin gona ya gani ya sa an yi mai, haka wani ɗan kamasho, kuma duk gammon Hure suke ce mai. Ka ga matarka ta yi suna ba ka gari.

To ga gaskiya na faɗa maka da hannuna, ban bari ka zo ka ɗaga fata ka gani ba. Ni na ƙarje shi, ba Hammadu ba. Ina roƙon ka bar babur bisa hanya. Na auna ƙarjewar da zare, ga shi nan cikin ambulan, ka duba ka yanke hukunci. In ka ga bai kai tsawon yatsa ba, to almakashin ƙanwarka Laure ne ya ɗan zarce wurin yankan zaren, ni na riƙe mata kawai.

Babanka Attahiru da innarka Balaraba suna gaishe ka, haka Sadatu da mai gidanta, da ƙanwarka Laure. Hammadu ya ce in gaishe ka a hankali. Ka gaida abokin zamanka Tamba. Ka maido amsa da wuri, Asabar ba ta jira.

Allah shi sada mu da alheri.

Ni ce kakarka, uwar gidanka,
Hure.