Tabarau na Yini Ɗaya

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya Inna, ya idon naka? Ni lafiya lau, sai dai a tasha nake kwana yanzu, kada Inna ta ji.

Wata mai fim ta zo kamfani tana ɗaukar rayuwar leburori baƙi. Ranar, manajan da ya hana ka tabarau har walda ta cinye maka ido ya raba mana sababbi. Tana fita ya bi mu yana karɓewa. Na ɗauke shi da wayata, na kai mata, ya kore ni.

Ta ce za ta ɓoye fuskata a fim ɗin, na ce a'a. Shekara biyu ina ce masa ranka ya daɗe, ya isa.

Aiko mata hotonka, kada ka rufe idon. Shi manajan ido biyu gare shi, ya kalla da kyau.

Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙaninka