Za a Rufe Zauren Magina

Waratah, Tasmaniya
3 ga Fabrairu

Zuwa ga Yayana Desmond,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, Allah ya sa sanyin Kanada bai takura muku ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Baba yana nan da ƙarfinsa, amma mantuwa ta ƙaru. Jiya sau biyu ya kira ni da sunan Mama, Allah ya jiƙanta.

Abin da ya sa na rubuto, za a rufe zauren ƙungiyar su Baba ta Magina, ƙungiyar zumuncin nan da gininta na misali ne kawai, a ƙarshen Maris. Su bakwai suka rage, ƙaraminsu Kawu Clarrie mai shekara saba'in da huɗu. Ranar Asabar na kai Baba su fara haɗa kaya. Mutumin da ba ya tuna ko ya karya kumallo, sai ga shi ya dafa ginshiƙan nan biyu na cikin zauren yana jero yadda aka gina haikalin Sarki Sulemanu, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Kawu Clarrie ya tsokane shi, wai shekara hamsin suna wannan gini, ko akurkin kaji ba su tayar ba. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai wannan bakin Desmond ne, a kan wannan maganar kuka ɓata ka bar gida.

A mota muna komawa gida, Baba ya ce mini duwatsun haikalin a nesa aka sassaƙe su, sannan aka kawo, kowanne ya zauna a gurbinsa ba a ji ƙarar guduma ba. Ya ce kai ma shekara goma sha tara ana sassaƙa ka a ƙasar mutane, ya isa haka, a kawo masa dutsensa. Sai da na tsaya a gefen hanya, don hawaye sun hana ni ganin titi.

Yaya, ba ya neman ka shiga ƙungiya. Bayan zaman ƙarshe akwai walimar iyalai, so yake ka zauna kusa da shi, ya miƙa maka farar fatar ragon da yake ɗaurawa a ƙugu in za su yi zaman ƙungiya. Zumunta a ƙafa take. Ka zo tun yana gane fuskarka.

Ka gaida Fiona da Lachlan da auta Isla. Gwaggo Beryl tana gaishe ka.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Noelene