Algaitar Nasara ta Isaka

Tamaske, 4 ga watan Rajab, 1946

Zuwa ga Baba Bawa a Madawa. Gaisuwa da ban girma, da fatan kana lahiya kai da iyali. Ni ce Tabawa, ɗiyar amininka marigayi Jika.

Baba, wani baƙo ya sauka gidanmu, sunanshi Alƙasim, ya ce shi mutumin Karofane ne, tare sunka yi soji da ƙanena Isaka. Ya ce Isaka ya rasu gidan likita a Dakar bara. Bai zo da takardar kumandan ba, sai algaitar Nasara, wadda ku sojoji kuke ce ma kalarinet. Ya ce ita ce ta babanmu da Isaka ya tahi da ita yaƙi. Ga jar fata nan naɗe a wuyanta kamar yadda muka san ta.

Amma raina bai kwanta ba. Na tambaye shi ciwon mi ya kashe Isaka, da safe ya ce zazzaɓi, da marece ya ce rauni. Kuma ba ya haɗa ido da Balki matar Isaka. Dattawa sun ce ta shiga takaba, na ce a dakata. Kai ka busa irinta tare da babanmu a yaƙin farko. Ga ta nan hannun mai kawo wasiƙa, ka duba muna.

Allah shi ja kwana. Ɗiyarka, Tabawa.

Madawa, 11 ga Rajab

Zuwa ga ɗiyata Tabawa. Na amsa gaisuwa, ina gaida Balki.

Kada kowa shi shiga takaba. Wannan ba ta Jika ba ce.

Ta Jika icce ce, anka ba shi ita a Marsay ta ƙasar Faransa shekara ashirin da takwas da sunka wuce, kuma tun sannan tsohuwa ce. Maɓallanta goma sha uku. Wannan na ƙirga goma sha bakwai. Na goga ta da gefen rigata har ta yi zahi, na shinshina, sai warin roba. Irin waɗanda anka soma raba ma sojoji dab da wannan yaƙi ne, don icce yana tsagewa da rana. Ban tsaya nan ba, na warware jar fatar. Ta Jika ta tsage ranar da ta faɗi daga bisa alfadari, ni na riƙe mishi ita yana naɗewa. Wannan ko ƙwarzane babu a wuyanta. Ƙarƙashin fatar ma akwai hatimin soji, na kai wa wani tafinta ya karanta mini: 1938.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaurin. Naɗi bakwai ne da ƙulli biyu a baya, daidai irin na Jika. Wanda ya ɗaura ya san ta asalin sarai. Ko wannan baƙo ya sace ta ya sayar, ko ya san abin da ya fi sata muni. Kada ku nuna mishi komi. Ki ce mishi ina son in ji wasiyyar Isaka daga bakinshi, shi zo Madawa. Mijinki Manzo shi rako shi, kada shi sulale a hanya.

Bawa.

Tamaske, 15 ga Rajab

Baba, gaisuwa. Sun taso yau da hantsi. Na zaci zai yi gardama, bai yi ba. Da ya ji sunanka sai ya ce, "Wannan ne tsohon da ya san busa?" Kana ya ɗauki takalmanshi. Kwana goma sha ɗaya yana nan bai roƙi ko allura ba, har ya taya Manzo noma. Ɓarawo ba haka yake ba, Baba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Balki ba ta cin tuwo.

Tabawa.

Madawa, 19 ga Rajab

Ɗiyata Tabawa, ki zauna kafin malam shi karanta miki wannan.

Na aje algaitar gaban Alƙasim da fatar a warware. Na ce ko shi gaya mini gaskiya, ko mu tahi bariki gaban kumandan. Ya ce ya dafa Alƙur'ani, ko za a ɗaure shi ba ya faɗi. Sai na ce, to, kada ka faɗi komi, ni zan yi tambaya.

Na ce, "Ka ga kabarinshi?" Ya sunkuyar da kai.

Na ce, "Hannunka ne ya yi wannan ɗauri?" Ya girgiza kai.

Na ce, "Wanda ya yi shi, da ido ya yi ko da lalube?" Domin na lura ƙulli guda ya hau kan maɓalli, abin da mai gani ba zai yi ba. Nan ya rufe fuska da rawani, ya yi kuka irin na wanda ya daɗe yana riƙewa.

Da ya ga na gane, sai ya faɗi sauran. Isaka yana raye, ɗiyata. Nakiya ta ɗauke mishi ido biyu. Yana Dakar, gidan da ake aje naƙasassun sojoji, yana busa ta babanku a bakin ƙofa. Ya so a ce ya mutu don Balki ta samu wani mijin, amma ya kasa rabuwa da algaitar, shi ne ya naɗa fata a wuyan ta Alƙasim ya aiko shi da ita. Na zargi Alƙasim da kisa, na kuwa roƙe shi gafara gaban Manzo.

Ban san ko daidai ne a gaya wa Balki ba. Ke kika san ta. Na bar miki.

Babanki, Bawa.

Tamaske, 23 ga Rajab

Baba, gaisuwa. Manzo ya dawo da wasiƙarka. Ban gaya wa Balki ba, tana bayan zana malam yana karantawa, ta ji komi.

Ta ɗaure kayanta. Ranar Alhamis tana isowa Madawa da Manzo, ka nema musu wuri a kamyon, babbar motar Yamai, Alƙasim shi nuna hanya har Dakar. Ta ce kada a buga wa Isaka waya, don kada shi sake yin wata dabara. Ta ce ita ba idonshi ta aura ba.

Allah shi saka maka. Tabawa.